Fannami da Ɓerayen Likita

Fannami masunci ne a Kirikasamma, har shekarar farin nan da kogi ya janye ya bar kwale-kwale a kan busasshen taɓo. Ya shigo Haɗejiya neman abin yi, Allah Ya haɗa shi da wani likita mai kiwon fararen ɓeraye sittin a keji, ya ɗauke shi aikin kula da su.

Ba don sha'awa ake kiwon ba fa. Wani gam aka kawo mai haɗa rauni ba sai an yi ɗinki ba. Sai likita ya tsaga fatar ɓera, ya manne, a jira shekara biyu a ga ko zai haifar da ciwon daji. Ya ja wa Fannami kunne: kada ya taɓa mutum da shi sai an ga ƙarshen ɓerayen.

To, ran nan likita ya tafi Kano, aka ɗauko Bunu, ƙanen Fannami, daga fadama. Rigima ce a mashaya, an sare shi da adda a gefen wuya, jini ya jiƙa shi har wando, ya suma. Fannami ya matse fatar da yatsu, ya zuba gam. Jini ya tsaya. Bunu ya warke, bai san da me aka haɗa shi ba.

Yunwa ta yi tsanani. Zance ya zaga kasuwa cewa ana ba ɓeraye gero, mutane na cin dusa. Wata Lahadi da hantsi sai ga maza sun fi ashirin da gora da kulki, Bunu a gaba.

"Yaya, kauce. 'Ya'yanka ne?"

"In ka isa ka matso, mara kunya."

Ai kafin ya rufe baki an sauke masa gora a goshi. Ya rarumi taɓarya ya karya hannun wani, aka yi masa rubdugu, haƙori biyu a ƙasa. Suka ɓalle ƙofa, suka ja buhunan gero, suka fasa keji. Ana taka ɓeraye, ana maka su da bango, jini har kan tagogi.

Fannami ya rarrafa ya kama ƙafar Bunu. "Kai, wawa! Abin da ke jikinsu shi ne a wuyanka. Su za su gaya mana ko za ka rayu."

Bunu ya saki kulkin, ya dafa wuya. Sai ya juya yana jifan abokan tafiyarsa da duk abin da hannunsa ya samu, har suka watse.

Ɓeraye shida suka tsira. Likita ya dawo ya ce shida ba sa ba da amsa, ya tattara kayansa ya tafi.

Fannami ya rasa idon hagu, ya koma sayar da bandar kifi. Bunu ne ke ɗaukar masa kwando zuwa kasuwa. In Bunu ya yi tari sau ɗaya, Fannami ba ya iya cin abinci ranar.