Dami Huɗu Daga Doguwa

Ana kiran assalatu muka kora jakunanmu daga Bebeji, ni da maƙwabcina, kowa da kuɗi a lalita da taiki wayam. Da kunya, amma zan faɗa: bara gyaɗa na zuba wa gonata kaf. Hukuma ta yi mata farashi mai daɗi, haraji kuma kuɗi yake so, sai muka yi ta rububi. Ga fam a hannu, rumbu kuwa ko zangarniya babu. Inna da yara sun koma rama da ƙuli-ƙuli, alhali ko ruwan shuka bai sauka ba.

A Kiru muka tarar da irinmu, masu kuɗi masu yunwa. Mudun dawa ya haura sule, shi ma sai ka yi raɗa. An yi shela kada hatsin sayarwa ya bar gunduma don talaka ya samu; 'yan kasuwa na jin haka suka kulle shi a ɗaka, suna jiran ya ƙara tsada. Furar da na saya a Tudun Wada kuwa, da na leƙa ƙwaryar har fuskata na gani.

Rana ta uku muka hango duwatsun Doguwa, muka sauka gidan wani dattijo, aminin marigayi babana. Rumbunsa uku, har da dawar bara waccan. Ina kwance lalita ya harare ni.

"Mai da abarka, ɗana. In na auna maka a taiki, dogarin hanya zai sauke shi, ya ce fatauci ne. Dami kuwa zumunci ne, ba mai taɓa shi."

Kwana biyu muna taya shi sharar gona. Ya ba kowannenmu dami huɗu, ni ya ƙara mini zangarniyar iri zaɓaɓɓiya. Dogarin ma zungurar kayan kawai ya yi da sanda, ya ce mu gaida mutanen gida. Daɗi ya kama ni har na yi wa jaki waƙa.

Na dawo da sanin cewa ranar da hatsi ya ɓuya, mai gyaɗa da mai doka duk kallon mai rumbu suke yi. Inna ba ta jira wannan wa'azin ba. Ta ɗora tukunya, ta ƙwace irin daga hannuna, ta rataye a ɗakinta.

"Sarkin gyaɗa," ta ce, "bana ni zan nuna gonar da za a shuka wannan."