Ni da Jikata da Harafin C

Karatuna na boko bai kai damina guda ba. Ajin yaƙi da jahilci na shiga da gemuna, na fito da baƙaƙe da wasulan Hausa, sauran kuma na ƙarasa a bayan manyan motoci lokacin da nake kamasho a tashar Jibiya. Duk abin da aka rubuta a bayan mota ina haɗa shi tsaf. Abin da yake nufi kuwa, wannan tsakanin direba da Ubangijinsa.

Shekarar da surukina ya kwaso iyalinsa daga Maraɗi suka dawo gida, jikata tana da shekara takwas, ta kuma fara lakwal a can, wato makarantar bokonsu ta Faransanci. Malamar da ke karɓar sabbin yara a firamaren unguwarmu ta ce sai an gwada ta da karatun Turanci. In ta iya, aji uku tare da sa'anninta. In ba ta iya ba, aji ɗaya. Yarinya ta daina cin tuwo, ta ce da ta zauna cikin 'yan yaye masu majina gara ta koma Maraɗi da ƙafa.

Ubanta yana kan hanya da lodin gero, uwarta ba ta yi boko ba. Sai na gyara hula na ce ga ni. Na shaida musu Turanci ba wani abu ba ne, baƙaƙen nan dai ne namu, Bature ya sake musu jeri.

Muka aro littafi a maƙwabta, kullum bayan la'asar muna zaure. Shafin farko hoton kyanwa ne, a ƙasa an sa cat. Na karanta mata shi da c ɗin da na sani, irin ta ci da ciki da ciniki. Ta yamutsa fuska, ta ce mushensu ya ce sunan kyanwa sha. Mushe ai malami ne a bakin mutanen Nijar, na sani sarai, amma na ce mata mu nan mushe jeji muke ja mu yar, ba mu ɗaukar karatu a wurinsa.

"Kai dai angona, haƙori huɗu gare ka, ta ina Turanci zai tsaya?" in ji ta.

"Ta nan yake samun hanyar fita, amarya. Karanta."

Haka muka bi littafin. Saniya ta zama co, kofi ya zama cuf. Kalmar da ta gagare ni sai in ce mata Bature ya yi kuskuren bugu, mu wuce. Ita kuwa kai gare ta. Ba a jima ba ta riga ni kai ƙarshen layi.

Ranar gwaji na sa babbar riga na raka ta. Malama ta buɗe littafi irin namu, yarinya ta tashi tsaye ta zuba karatu da ƙarfi yadda na koya mata, tun daga kyanwa har kofi. Na ga malama ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ni a zatona daɗin karatun ne. Da ta tambayi wanda ya koya mata, jikata ta nuna ni da leɓe.

Malama ta tashi ta rubuta wasu kalmomi a allo waɗanda babu su a littafin. Yarinya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana haɗawa, ba ta yi tuntuɓe ba sai inda c ta fito. Sannan malama ta juyo gare ni cikin ladabi.

"Baba, wannan harafin a Turanci k ake kiransa. Kat, kaw, kof."

Na tambaye ta to ita k mene ne aikinta. Ta ce ita ma k ce. Ta ƙara da cewa wani wurin ma c ɗin s take komawa.

"Ashe ɗan fasa-ƙwauri ne," na ce. "Kowane shinge da sunan da yake bayarwa."

Jikata ba ta yi dariya ba. Idonta na kan malama, ya ciko da ƙwalla, don ta gane an kayar da malaminta. Malama ta dafa kanta, ta ce haɗa baƙi shi ne mai wuya, kuma ta iya, harafi guda ne ya karkace, shi kuma aikin sati ne. Za ta sa ta aji uku gwaji na zango ɗaya, da sharaɗin in cire hannuna daga littafin.

Na ce na cire, har da ƙafa.

A hanyar gida tana gaba tana ta kat, kat, kamar mai sara itace. Da muka kai ƙofar gida ta tsaya ta ce ta sallame ni daga malanta, amma ƙosan safe yana nan a wuyana. Zango ya ƙare, ba a mayar da ita baya ba.