Kwalekwalen Siminti na Haɗeja

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma Allah shi ne shaidata. Ni magini ne, mutumin Guri, amma a shekarun da nake ba ku labari a Haɗeja nake neman abincina, inda duk aka samu filasta ko ɗaurin bulo sai a kira ni.

To akwai wani ɗan dandali a wata tsohuwar unguwa, inda hanyoyi suka haɗu, ba shi da wani girma, 'yan adaidaita na zagaya shi suna wucewa. A tsakiyarsa an gina kwalekwale na siminti a kan dakali, da gorar tuƙi jingine a jikinsa, ba mutum a ciki. An ce da farko har da siffar mai tuƙin aka so yi, malamai suka hana, aka bar jirgin kawai. Ni dai a lokacin ado na ɗauke shi, ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Da cikinsa ya tsage, masu unguwa suka ce in zo in liƙe.

Ranar tsakiyar bazara ce, ana zafin nan da ko akuya ba ta fita rana. Bayan azahar na kwaɓa siminti na haura cikin jirgin na durƙusa ina cike tsagar. Ba kowa a kusa sai wani dattijo mai sayar da bandar kifi a gindin dalbejiya, Baba Bukar ake ce masa, mun gaisa da shi da safe.

Ina cikin aiki sai na ji ƙarar babura ta ɗauke ɗif, kamar an toshe mini kunne. Sai wani sanyi ya buso, da warin laka irin na bakin kogi. Kai! Na ɗago kai ke nan sai ga mace tsaye a gindin dakalin, ba ta wuce shekarun ƙanwata ba, zanenta sharkaf yana ɗiga, ta rungume majanyi a ƙirji, babu ɗa a ciki.

Ta ce, “Mai fito, ka daɗe.”

Na ce, “Baiwar Allah, ni magini ne.”

Kamar ba ta ji ba. Ta ce, “Kai ka ce in jira ka, za ka kai shi ka dawo. Ruwa ya kawo mini ƙirji. Yaron bai sha nono ba.”

Wallahi tallahi, a nan na ji jirgin ya motsa. Siminti fa, da ƙarfe a cikinsa, amma ya yi lilo a ƙarƙashina kamar yadda jirgi ke yi in an kwance shi. Na waiga, babu titi, babu shaguna, ruwa ne ja iya ganina, yana tafe da rufin ɗakuna da tumaki matattu. Ita kuwa ruwan ya kai mata wuya, ta ɗaga majanyin sama, ta miƙo mini ɗaya hannun. Tausayi ya kama ni, na manta da kaina, na sunkuya zan kamo ta. Yatsunmu sun kusa haɗuwa na ji an finciko rigata ta baya, ana salati da ƙarfi.

Na faɗo ƙasa tim. Ga rana, ga babura, ga Baba Bukar a kaina yana haki. Wandona kuwa jiƙe yake har ƙugu, da laka baƙa a ƙafafuna, a garin da ya yi watanni bai ga ɗigon ruwa ba.

Ya ja ni inuwa ya ba ni ruwa na kasa sha. Ya ce ya hango ni ne ina magana ni kaɗai, ina leƙowa da ka kamar zan faɗa rijiya. Da na samu bakin magana na gaya masa abin da na gani, sai ya ba ni tarihin wurin.

Ya ce kafin gari ya ci wurin, nan mashigi ne, wani reshen kogi ya bi ta nan. Wata damina aka yi ambaliya mai tsanani, wani mai fito ya yini yana kwashe mutane zuwa tudu. A wani sawu jirgin ya cika maƙil, saura mace ɗaya da jariri, sai ya karɓi jaririn ya ce mata ta riƙe bishiya, yanzu zai dawo. Ya sauke mutane ya juya, daga nan ba a sake ganinsa ba, ba a ga matar ba. Waɗanda ya tsirar, da 'ya'yansu, su suka gina jirgin nan don kada a manta da shi.

Na ce, “Baba, jaririn fa?”

Ya ce, “Ga shi kana magana da shi.”

Tsigar jikina ta tashi. Ya riƙo hannuna ya ce, “Ɗana, don Allah, yaya kamanninta? Tun ina saurayi nake zama a nan, ta fito wa wani mai fenti, ta fito wa wani direba, ni ba ta taɓa fito mini ba.”

Na gaya masa abin da na gani: doguwa ce, baƙa, da wushirya, da tsage siriri a kumatu. Ina faɗa yana shafa nasa kumatun, hawaye na bin gemunsa. Ya roƙe ni in sake hawa, ko za ta dawo in gaya mata yaron ya rayu, har ya yi jikoki. Na rantse muku na so, amma tsoro ya hana ni. Na kwashe kayana na tafi gida, na sha zazzaɓi, mahaifiyata ta yi ta nemo mini rubutu kafin na miƙe. Wani ne ya ƙarasa aikin.

Aljana ce, ko mene ne, ban sani ba, malaman da na tambaya ma kowa da abin da ya ce. Bara dai na bi ta wurin a mota da tsakar rana, na hango Baba Bukar, ya tsufa tukuf, zaune a cikin jirgin, ya leƙo da hannu ɗaya a miƙe. Wani fasinja ya yi dariya ya ce tsohon ya taɓu.

Don haka in kun ga an gina wani abu a tsakiyar hanya, ku tambayi dalilinsa kafin ku hau. In kuma kun bi ta wurin nan kun ga tsohon, kada ku yi masa dariya. Ku yi wa uwarsa addu'a, ku wuce.