Keken guragu yana dakon ruwa

Jama'a, yau na ga keken guragu yana dakon ruwa, gurguwa tana jan jiki a ƙasa!

Gwaggona Rabi na ɗauko daga garin Mai Yara, zazzaɓi ya kada ita. Kun san ƙafafunta shanyayyu ne. Ɗan kabu-kabu ya aje mu bakin asibiti. Na ce ma gardi mai tsaron ƙofa, "Baba, a taimaka muna da keke."

Ya ce, "Yana aiki."

Sai ga keken an turo, bido biyu, jarkokin nan, cike da ruwa a kai! Ashe famfonsu ya ƙafe, da shi suke kai ruwa ɗakin haihuwa.

Na riƙe keken, na ɗaga murya. Ungozoma ta leƙo: "Malam, mace na zubar da jini a ciki! Sake shi!"

Na saki.

Na duƙa in goya Gwaggo, ta ƙi. Ta ce, "Ni na goye ka. Ba ka goyona gaban mutane."

Ta sa takalmana a hannu, ta rarrafa cikin caɓin ruwan da ya zube. Da ta kai ƙofa, majo mai duba marasa lafiya ya dube ta, ya ce, "Haba Inna, haka ake zuwa asibiti da dauɗa?"