Tsohuwar da ke Share Gumi

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Roni, ba mu da wurin hira da ya wuce madafin Iya, uwar mahaifina. Sana'arta ƙuli-ƙuli, kuma bayan magariba take soya na gobe, don haka wutarta ba ta mutuwa da wuri. Mu jikokinta sai mu kewaye murhu, kowa na hararar kasko yana jiran wanda ya ƙone. Ni na fi kowa rawar kai. Shekarar da aka sami 'yancin kai ina ɗan shekara tara, ba ni da aiki sai langa da kokawa da tseren hawa dutse, in dawo gida ina haki kamar akuyar da aka koro daga gonar wake.

Ran nan ta dube ni ta ce, "Kai, wannan miji nawa," haka take tsokanata, "in ka kashe kanka a dutse wa zai yi mini noma? Zauna. Ga wata tatsuniya nan ta iso, wa zai shimfiɗa mata tabarma?"

Muka haɗa baki, "Ta zauna mu ji ta!"

Ta ce an yi wani saurayi, Jatau, wanda duk ƙasar ba a yi manomi irinsa ba. In aka kira gayya, samari suka jeru a gona, makaɗi ya saki gangar noma, kafin wani ya kai rabin kunya shi ya fita ya kama wata. To ashe gajiya tsofaffin mata ne guda uku, suna bin duk mai aikin ƙarfi. Ta farko ta zo ta riƙe masa ƙwauri ta ce, "Jatau, ka gaji, huta." Ya ce, "Sake ni, ƙarya kike yi!" Ta sake shi. Ta biyu ta haye ƙirjinsa tana soka masa tsinke a haƙarƙari. Ya rage hannu, ya ja numfashi, ya ci gaba, ita ma ta sauka.

Iya ta nuna mu da ludayi. "Waɗannan biyun, wanda ya saurare su ba zai taɓa sanin ƙarfin da Allah ya ba shi ba. Raggo tun ta farko yake neman inuwa."

Ta ukun kuwa ba ta zo da faɗa ba. Da farin ƙyalle ta zo, ta share masa gumi tas, ta ce, "Ɗana, ai ba ka gaji ba." Jatau ya ji jikinsa sakayau, ya ji ganga kamar daga wani gari ake kaɗa ta. Ya ƙara wuta. Ya kai ƙarshen kunya, 'yan mata na guɗa, ya kwanta a wurin, bai ƙara tashi ba.

"In rana na tsaka ka ji gumi ya ɗauke," in ji Iya, "jefar da fartanya, ko da sarki ne ke kallonka. Ta ƙare, na ƙulle ta a bakin zane."

Na turo baki na ce wannan ba daɗi, ba kura ba ban dariya. Ta sakar mini ranƙwashi, sannan ta cika mini hannu da ƙuli.

Shekaru suka tafi. Naira ta maye gurbin fam, samarinmu suka yi ta gudu Kano neman aiki, Iya ta rasu. Ni na tsaya noma, kuma ba yabon kai ba, ana jin sunana har Gwiwa. Ina neman auren Hajara a lokacin, sai mahaifinta, Malam Idi, ya kira gayya a gonarsa. Ka san irin wannan rana: surukai na gindin ɗorawa suna kallo, makaɗi na kiran sunan ubanka da kakanka. Na rantse a raina ba wanda zai riga ni fita.

Ƙafa ta yi nauyi, na ƙyale ta. Haƙarƙari ya soke, na cije. Wajen azahar saura kunya biyu, ina gaba da kowa, sai na ji wani irin daɗi, jiki ba nauyi, ganga ta yi nisa. Na kai hannu goshi in share gumi. A bushe yake ƙamas, ga zafi kamar bayan tukunya.

Wallahi sai da na yi gardama da kaina. Kunya biyu kacal! Amma na jefar da fartanya, na ja jiki zuwa inuwa na zube. Makaɗi ya juya ganga ya koma yi mini zambo, samari suka bushe da dariya. Na ce shi ke nan, Hajara ta tafi. Malam Idi ne ya taso, ya taɓa wuyana, ya ce, "Subhanallahi! Ku kawo ruwa, ku jiƙa shi!" Kwana uku na yi a kwance ina amai. Da na je gaishe shi kaina a sunkuye, ya ce, "Ɗago, yaro. Miji nake nema wa 'yata, ba wanda za ta yi wa takaba ba."

A kwanakin jinyar nan ne na ba mahaifina labarin tsofaffin uku, na ce su suka cece ni. 

Sai ya ce, "Jatau laƙabin kakanka ne. Ina goye a bayan Iya ta yi masa guɗa a ranar."

Yanzu ni ma na yi jikoki, masu gudu da ƙwallo da ɗaga ƙarfe, kuma ban taɓa hana su wahalar da jiki ba, don na san daɗin wuce tsohuwa ta farko da ta biyu. Amma duk sanda na tuna Iya nakan rasa bakin godiya. Mace ta ɗauki ranar da ta fi kowace ɗaci a rayuwarta, ta mayar da ita tatsuniya don wani ɗan ƙiriniya ya iya riƙe ta, ni kuwa na ce mata ba daɗi. Allah ya jiƙanki, Iya. Na ji ta, kuma ta yi mini rana.