Bidiyon Turare a Gidan Takaba

Akwai wata Juma'a ta watan Sha'aban da har gobe ba ta bar raina ba. Ku sabbin shiga aikin nan gara ku ji ta daga bakina, kafin Shef, shugaban ofishinmu, ya ba ku ita da nasa gishirin.

Lokacin ina animatiris a biron nan namu na Gure, wato mai bin mata masu sana'a gida-gida tana koya musu talla a waya. Aikin a baki ba wuya: ɗauki hoto da hasken rana, faɗi farashi a fili, amsa saƙo kafin mai saye ya huce. Masu neman kasuwar Nijeriya kuma mukan ƙara musu layi biyu na Ingilishi ƙarƙashin Hausa da Faransanci, gajeru, ba kwana-kwana. Doka ɗaya Shef ke nanatawa har ta ishe mu: lambar sirrin shafi ta mai shafi ce, ma'aikaci ba ya riƙe ta.

Cikin matana akwai Falmata mai turaren wuta da humra. Kai, yarinyar nan akwai kai! Ita na fara koya wa dabarar ajiye talla: ki shirya ta yau, ki sa mata rana da lokaci, ta fita da kanta ko kina barci. Da yake Sha'aban watan bukukuwa ne, ta yi bidiyo na musamman don amare. Ta sha lalle da kwalli, ta yafa lafaya, hayaƙin kasko na tashi, tana dariya tana cewa amare su zo. Na gyara mata Ingilishin, muka sa shi ya fita ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da mata ke zaune da waya a hannu.

Sai aka tura ni misiyo, wato tafiyar aiki, ƙauyukan Alakos, inda rezon waya ba ya kamawa sai an hau tudu. Ran Juma'ar da hantsi na dawo, ko ƙurar hanya ban kakkaɓe ba sakatariyarmu ta ce, "Kin ji rasuwar Malam Idi, mijin Falmata? Shekaranjiya aka kai shi."

Na yi salati. Ban rufe baki ba bidiyon nan ya faɗo mini a rai, ga shi ba ni da lambar sirrin shafinta balle in tsayar da shi.

Ga wanda bai sani ba, mai takaba ba ta kwalliya, ba ta taɓa turare. To a ce yau dangin miji su buɗe waya su ga matar ɗan'uwansu da lalle tana dariya. Wa zai tsaya jin cewa tun yana raye aka ɗauka? Dama can ba sa son fitowarta a waya, shi marigayin ne ya tsaya mata. Kuma su ne za su yanke ko ta zauna a gidan da 'ya'yanta, ko a raba yaran tsakanin baffanni.

Na ce, "Shef, a ba ni moto."

Ya ce, "Rapor ɗin misiyon fa? Ba ki rubuta ba."

Na ce, "Rapor zai jira, wannan ba zai jira ba." Da na yi masa bayani, shi da kansa ya miƙo makullin babur ɗin.

Na tarar da tsakar gida cike da mata. Na bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa. Falmata na ƙuryar ɗaki cikin tsohon zane, ta zabge. Na matsa na raɗa mata, "Bidiyon amare, kin tsayar da shi?"

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Can ta dafe ƙirji. "Wayyo Anti Rabi, na shiga uku. Wayar tana wurin Yaya Gambo, ta kulle a akwati."

Hajiya Gambo ita ce yayar marigayin, tsohuwar da ko maza ke shakka. Tun ranar rasuwa ta karɓe wayar, ta ce mai takaba carbi ne abin riƙonta. Falmata kuwa da wane baki za ta ce a ba ta waya?

Na ja Hajiya gefen madafa na durƙusa. Na ce, "Inna, magana ce ta kawo ni, kuma ba ta jira." Na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta ce, "Waya ta yi talla da kanta? Aljani kuka sa mata?"

"Ba aljani ba ne, Inna, ajiya ce. Da an sauko masallaci zai fita."

"Ai na faɗa wa Idi wannan abu ba zai haifar da ɗa mai ido ba." Daga nesa muna jin liman ya hau huɗuba. Sai ta miƙe ta ce, "Sai na gani da idona."

Ita ta ɗauko wayar, ita ta kai wa Falmata ta ce buɗe. Muka sakaya labule. Rezo ya tsaya yi mana yanga, abin nan na ta zagayawa, ni kuma gumi har cikin ido. Da ƙyar ya buɗe. Hajiya ta ce a kunna, na kunna ina jiran faɗa.

Ashe Malam Idi ne ya riƙe wayar ranar da aka ɗauka. A farkon bidiyon muryarsa ta fito sarai yana tsokana: "Ƙara garwashi mana, Hajiyar turare, ai ba a ga hayaƙin ba." Ya kwashe da dariyar nan tasa.

Tsohuwa ta zauna daɓas a bakin gado. Ta ce, "Sake." Na ce, "Inna, bari na tsayar da shi tukuna." Na danna, na duba, na sake dubawa, ya fita daga jerin masu fita. Wallahi ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Ba a jima ba muka ji hayaniyar maza suna dawowa daga masallaci.

Na ce, "Shi ke nan, sai a goge."

Ta riƙe mini hannu gam. "Kul! Hana shi fita dai, amma kar ki taɓa shi." Ta juya ga Falmata, wadda ke kuka ba sauti, ta ce, "Ashe da yardarsa kike yi, har shi ke riƙe miki. Share hawayenki. Ba mai fitar da ke daga gidan nan ina numfashi." Kuma ba a fitar da ita ba.

Tun daga ranar, duk matar da muka koya wa ajiye talla sai mun tambaye ta: in wani abu ya faru, wa zai iya tsayar da ita a gidanku? Waya ba ta zuwa gaisuwar mutuwa, ba ta san gidan da ake kuka ba, mu ne za mu sani. Kuma kar ku raina tsofaffin gida, ku faɗa musu gaskiya tun da wuri.

Da Falmata ta fita takaba, Hajiya Gambo ta aiko na tura mata bidiyon a tata wayar. Ba ta iya karatu ba, ko baƙi ɗaya, amma ta san daidai inda za ta danna ta ji ƙanenta yana dariya.