Taɓaryar Inna Madina

Mahaifiyata, Inna Madina, ta shekara talatin tana kirɓa fura a Yalwawa, kuma har gobe ba ta yarda inji ya iya komai ba. Aikinta ba ya sauya salo. Za ta hau turmi da daka kamar suna da tsohuwar gaba, sai numfashi ya sarƙe, gumi ya jiƙa ɗankwali, sannan ta miƙa wa maƙwabciyarta taɓarya ta koma tankaɗe. Kafin ka ce kwabo ta huce, ta karɓe abarta. Haka za su yi ta yi sau goma kafin hantsi.

Ni na kawo fitinar gidan. Na sayo na'urar awon jini a Kano, na ɗaura mata a damtse, sai ga bugun zuciyarta hamsin da huɗu. Nawa tamanin da biyu. Na tsorata, domin ina tsaye a kan Babanmu a asibiti irin wannan lambar ta yi ta sauka har ya cika. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Na ce, "Inna, zuciyarki ta gaji. Daga yau ba ke ba turmi."

Ta ce, "Ke Zulfa, turmin da ya kai ki makaranta?"

Ban saurare ta ba. Na cusa taɓaryar ƙarƙashin gadona, na shimfiɗa mata tabarma. Wata biyu ina awo safe da yamma, lambar na hawa, sittin, sittin da takwas, ni kuwa ina ta hamdala. Amma matar da ke cin ƙarfin kwano biyar na gero ta koma haki in ta ɗauko bokitin ruwa. Sai tsorona ya ninku, na kai ta asibiti.

Ma'aikaciyar jinya, Malama Safa, ta tambaye ta ko tana jin jiri, ko ciwon ƙirji, ko ta taɓa suma. Babu ko ɗaya. Aka gwada zuciyar, aka ce lafiya lau. Da ta ji yadda Inna ke daka, sai ta ajiye biro ta dube ni.

Ta ce, "Zuciya ai tsoka ce. A matsa mata, a bar ta ta ɗan huta, a sake matsa mata, sai ta koyi tura jini mai yawa a bugu guda, ba ta buƙatar yawan bugawa. Abin da 'yan ƙwallo ke yi a fili da gangan ke nan. Zaman da kika sa ta ne ya rage mata ƙarfi. Ta koma daka, amma sannu a hankali. In jiri ya zo, ku dawo."

Kunya ta kama ni, har Yalwawa ban ɗaga kai ba.

Washegari na fiddo taɓaryar, na goge mata ƙura. Inna ta yi bismillah, ta daka sau ashirin, ta tsaya ta dafe ƙugu tana haki.

Ta ce, "Zulfa, me kika riƙa ba taɓaryar nan ta ci ne? Ta yi nauyi."

Na yi dariya don kada ta ga hawayena. Yanzu na'urar ce a ƙarƙashin gado. Amma har yau, duk lokacin da dakan ya tsaya, sai in riƙe numfashina a ɗaki har in ji ya ci gaba.